Kafin Ku Tafi Greenwich

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya sanyin Manchester, yaya kuma karatu? Allah Ya taimaka. Saƙonka ya iso, na ga kana shirin kai iyali Landan a wannan hutu, kana tambaya ko gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich ya kai a ba shi yini guda. Wallahi ya kai. Roƙona ɗaya ne: kada ka ce sai kun ga komai. Wurin yana da faɗi, masu garaje kuma da ciwon ƙafa kawai suke komawa gida.

Ka fara da sanin cewa wurare huɗu ne a unguwa ɗaya. Akwai babban gidan tarihin kansa, wanda aka buɗe a 1937, shigarsa kyauta ce. Akwai Queen's House a gefensa, wani tsohon gidan sarauta, shi ma kyauta. Sai jirgin Cutty Sark da kuma gidan nazarin taurari da ke kan tudu, waɗannan biyun ana biya. Ka sayi tikitinsu ta intanet tun kana gida, ka kuma duba ko an rufe wani sashe don gyara. Ƙarfe 10 na safe suke buɗewa, su rufe ƙarfe 5 na yamma, saboda haka ku yi sammako.

Zancen hanya kuwa, jirgin ƙasa na DLR yana kaiwa, amma ni dai shawarata ku bi ta ruwa. Ku hau jirgin fasinja na kogin Thames daga Westminster, ku wuce ta ƙarƙashin Tower Bridge, ku sauka a mashigar Greenwich. Ya fi tsada, sai dai yaran da suka tashi ba su san ruwan da ya wuce na Tiga ba, gara su ji jirgi yana rausaya da su kafin a fara ba su labarin teku. Ku riƙe rigunan sanyi masu kauri, iskar kogin ba ta da sauƙi.

Kuna sauka Cutty Sark zai tare ku. A 1869 aka ƙera shi a Scotland, jirgin filafilai ne da ke ɗauko ganyen shayi daga Sin, daga baya ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostireliya. Gobara ta taɓa shi a 2007, aka gyara, aka ɗaga shi sama wajen mita uku. Yanzu mutum yana shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga kai ya ga cikinsa lulluɓe da ƙarfe mai ruwan zinariya, har ya sa hannu ya shafa. Awa ɗaya ta ishe ku a nan.

A ƙofar babban gidan ta wajen lambu za ka ga ƙatuwar kwalba da jirgi a cikinta, filafilansa na atamfa. Aikin Yinka Shonibare ne, ɗan asalin Najeriya. Uwargida za ta so hoto a wurin.

A ciki, ka nemi rigar Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila da aka harbe a yaƙin Trafalgar a 1805. Ka matsa kusa da gilashin, ka dubi kafaɗar hagu: ga hudar harsashin nan, ƴar ƙarama, ko yatsa da ƙyar zai shige. Rigar kanta ma ba ta da girma, ka ga alama mutumin ba ƙato ba ne.

Amma inda nake so ka fi daɗewa shi ne ɗakin tekun Atlantika, inda ake nuna cinikin bayi. A nan za ka ga ƙarafan mari da aka ɗaure mutane da su. Jiragen Ingila kaɗai sun kwashi ƴan Afirka sama da miliyan uku kafin majalisarsu ta haramta cinikin a 1807. Kada ka ɗauka labarin mutanen bakin teku ne kawai. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar Legas da maƙwabtanta akwai Hausawa, da yawa suka ƙare a Bahia ta ƙasar Brazil, har tarihin can ya rubuta tawayen da suka yi. Ka shirya babban yaronka tun a hanya, ka gaya masa abin da zai gani, kuma kada ka bari rubutun bango ya yi magana a madadinka. Ƙananan kuwa uwarsu ta kai su wajen babbar taswirar da ke shimfiɗe a ƙasa, su yi ta yawo a kan tekuna su nemo Najeriya.

Ka lura da agogo, don ina so ƙarfe 1 na rana ta same ku a lambu kuna kallon tudu. A kan rufin gidan taurarin akwai jar ƙwallo da ake ɗagawa kafin ƙarfe ɗaya, ta faɗo daidai lokacin. Tun 1833 ake yi, domin matuƙan jiragen da ke kogi su saita agogunansu. Kallonta ba a biya.

Daga nan ku hau tudun a hankali, yana da tsayi, musamman da keken jariri. Ka tuna yadda muke jin "agogon GMT" a rediyo tun muna yara? To, ga gidansa. Sarki Charles na biyu ya kafa shi a 1675, kuma a 1884 ƙasashe suka amince a riƙa auna gabas da yamma daga layin da ya ratsa farfajiyarsa, layin da ya gangara har ya bi ta Tema a Ghana. Kowa zai yi layin ɗaukar hoto a kansa. Kai ka shiga ciki wajen agogunan John Harrison. A da, matuƙi a tsakiyar teku ba ya iya sanin nisan da ya yi gabas ko yamma, jirage suna ta halaka, har majalisar Ingila ta sa ladan fam 20,000 a 1714 ga duk wanda ya samo mafita. Harrison kafinta ne, ya shafe shekaru yana ƙera agogon da kaɗawar jirgi ba za ta rikita ba. Idan ka san lokacin gida, ka gwada shi da na inda kake, bambancin awa ɗaya daidai yake da digiri 15. Cikin agogunan da ya ƙera, na farkon ƙato ne mai sanduna suna lilo, na huɗun kuwa sai ka ce babban agogon aljihu, kuma shi ne ya warware matsalar.

Ku yi guzurin abinci daga masauki, ana zama a ci a lambun, ga kuma kasuwar Greenwich kusa in yara sun nemi ƙari. Ku fito da alwala da ƴar sallaya, don a hunturu tun wajen ƙarfe 4 rana take faɗuwa, azahar da la'asar suna matse juna.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. In kun dawo ina son jin abin da babban ya ce game da ɗakin Atlantika. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Naka,
Amininka