Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Dashen Na'urar Ji Ga Yara Kurame

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Bayan gaisuwa. Mu masu aikin kunne da koyar da magana muna roƙon a daina ɗaukar tiyatar dashen na'urar ji a can cikin kunne (cochlear implant) a matsayin ƙarshen aiki. Na'urar tana kai sauti ga jijiyar ji ne kawai, magana kuwa sai an koya.

Inda auren zumunci ya yawaita, kurumtar gado ba baƙuwa ba ce: iyaye biyu masu ji da ke ɗauke da ƙwayar gado iri ɗaya, kowane ciki nasu yana da haɗarin kashi 25 cikin 100. Yawancin yaran nan matsalar tana cikin katantanwar kunne, jijiya kuma lafiya lau. Shi ya sa masu lahani a ƙwayoyin gadon da ake kira GJB2, SLC26A4 ko OTOF kan yi magana sosai idan aka dasa musu da wuri.

Da wurin ne ke gagarar mu. Ƙa'ida ita ce a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Bayan shekara uku da rabi ƙwaƙwalwa takan fara ba da wurin ji ga gani, sai yaro ya ji ƙara amma kalma ta yi masa wuya. A nan kuwa ana zaman jira, wai nauyin baki ne.

Kafin wuƙa, ranka ya daɗe, a wajabta hoton MRI, don in jijiyar ji babu ko ta tsuke, kuɗi na iya tafiya a banza. A auna bugun zuciya, saboda ciwon Jervell da Lange-Nielsen, mai haɗa kurumta da matsalar bugun zuciya, na iya kashe yaro a ƙarƙashin maganin sa barci. A duba ido: mai ciwon Usher, wanda ke haɗa kurumta da lalacewar gani, zai fara dundumi daga baya, gara a dasa masa kunne biyu tun yana gani. A kuma yi rigakafin sanƙarau.

Ana kunna na'ura mako 2 zuwa 4 bayan tiyata, sannan a riƙa saita ta. Dole yaro ya saka ta muddin idonsa biyu. Batir ya ƙare, waya ta tsinke, zufa ta shiga, uba ba shi da kuɗin gyara, sai na'ura ta koma cikin akwati, 'yan kalmomin da ya koya su zube.

Muna roƙon hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta ɗauki batir, kayan gyara da aƙalla shekara 2 na koyon magana, a fara gwajin jarirai a wurin rigakafi, a kuma ɗora wa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna horar da masu koyar da magana da Hausa, harshen da uwa ke yi wa yaron a gida.

Naka cikin girmamawa,
Wasu likitocin kunne da masu koyar da magana