Ki riƙa duban harshen wutarki

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Agege. Mamanki ta ce kun ajiye risho kun sayi tukunyar gas, shi ne na ce bari in rubuto miki.

Idan kin kunna murhu, ki ɗan tsaya ki dubi wutar. Shuɗin harshen nan da kike gani ya tsaya cak, aiki yake yi. Gas gauraye da iska yana fitowa ta ƙananan hudojin murhun, ita kuma wutar tana cin hanya ta nufo shi, wajen santimita 40 a daƙiƙa guda. Ainihin inda take ci, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Daga nan zafi ke ratsawa gaba, ya ɗumama gas ɗin da ke tafe har ya kama, sabon gas da iska kuma suna sulalowa su maye gurbin wanda ya ƙone. Muddin gudun gas da gudun wutar sun yi daidai, harshen zai zauna lafiya. In gas ya fi ƙarfinta, sai ta ɗaga daga bakin murhu, ta yiwu ma ta mutu, gas na ta zuba. Iskar fanka ko ta taga na yi wa ƙaramar wuta haka. Don Allah kada ki rage ta ki fita tsakar gida hira.

In ta koma rawaya tana lilo, iska ce ta yi mata kaɗan, galibi hudojin ne suka toshe da miya. Sai ta riƙa jiran iskar da ke ratsowa ta gefe, ta baƙanta gindin tukunya, kuma tana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Ɗakunan hayar Legas ƙanana ne, ki bar taga a buɗe, ki goge hudojin bayan sun huce.

Abin da ya fi damuna shi ne yoyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kwanciya yake a ƙasa, ba ya saurin watsewa, kuma kusan kashi 2 cikin 100 a cikin iska ya isa ya kama. Kin dai tuna gobarar tashar gas ta unguwar Baruwa a Legas ta 2020. In kin ji wari, ki rufe kan tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa, kada ki taɓa makunnin lantarki. Tiyo kuwa da ruwan sabulu ake gwada shi, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. Kada ki yarda wani ya gwada da ashana.

Ki gaida maigidan, shi ma ki ba shi ya karanta. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki