Wasiƙar Godiya ga Garejin da Ya Sake Haɗa Injin Babur Ɗina

Zuwa ga maigidan gareji da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Na zaɓi in rubuta wannan godiya a bainar jama'a ne domin aikin da kuka yi wa injin babur ɗina na tseren daji aiki ne da ba ya ganuwa da zarar an rufe inji, kuma mai babur ba shi da hanyar sanin an yi shi ko an tsallake shi sai bayan ya ci tafiya mai nisa. Babur ɗin mai bugu biyu ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai, kuma na kawo shi ne saboda wata ƙara da ke fitowa daga ƙasan injin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Malam babban makanike ya ƙi yanke hukunci da hannu kawai. Bayan an cire silinda da fistin, ya kama kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf (ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji), ya ja shi sama ya danna shi ƙasa, sannan ya tura shi hagu da dama, ya bayyana mini cewa waɗannan motsi biyu ba ɗaya ba ne. Motsin sama da ƙasa, in har hannu ya ji shi, alama ce ta cewa boris ɗin da ke gindin kwanrod, wato zoben ƙananan ƙarafan da kwanrod ke juyawa a kansu, ya ci, kuma babu magani sai canji. Motsin gefe kuwa dole ne ya kasance, domin ta wannan 'yar rata da ke tsakanin gindin kwanrod da kumatun karanshaf ne mai yake samun hanyar shiga, kuma ita ce ke ba ƙarfe wurin buɗewa idan ya ɗauki zafi. Idan ratar ta yi kaɗan, washa biyu da ke gefen kwanrod za su yi ta gugar ƙarfe har su ƙone, inji ya buga. Idan ta yi yawa, kwanrod zai riƙa yawo yana karkatar da fistin, ya cinye washa da boris tun lokacinsu bai yi ba.

Daga nan ya ɗauko ma'aunin rata, wato siraran ƙarafan nan masu kama da reza da aka rubuta wa kowanne kaurinsa, ya riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya shiga da ɗan ja, sa'annan ya buɗe littafin kamfani ya gwada. Kowane inji da nasa ƙa'idar; littafin Yamaha YZ250, alal misali, ya ba da milimita 0.25 zuwa 0.75. Ratar injina ta wuce iyakar da littafinsa ya yarda, kuma da aka raba karanshaf ɗin sai ga washar gefe ɗaya ta siranta, launinta ya koma shuɗi-shuɗi saboda zafi.

A ganina, a wajen mayar da karanshaf ne gwaninta ta fito fili. Karanshaf ɗin irin waɗannan babura ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne, kumatu biyu ne da ake matsewa a kan sanda guda da injin matsi, saboda haka zurfin matsin shi ke yanke yawan ratar. Kun auna faɗin karanshaf daga waje zuwa waje, kuka matsa a hankali, kuka sake zura ma'auni, kuka ƙara kaɗan. Bayan haka kuka ɗora shi a kan mazauni kuna juya shi ƙarƙashin agogon awo, kuna ɗan bubbuga shi da gudumar tagulla har allurar ta kusa daina rawa, domin karkatar da ta wuce milimita 0.05 ta riga ta zama matsala a irin wannan inji. Wannan mataki ne mai cin lokaci, kuma ban ga wanda ya nuna gajiya ko gaggawa ba.

Ban manta da cewa kun ja karanshaf cikin gidansa da na'urar ja maimakon dukansa da guduma ba, kuma kafin ku ɗaure kusoshi na ƙarshe kun tabbatar ya zauna a tsakiya yana juyawa da yatsa ba tare da cijewa ba. Kun kuma rubuta mini dukkan awon a takarda, na da da na yanzu, wanda zai amfani duk makaniken da zai buɗe injin nan gaba.

Yanzu ƙarar ta ɓace, girgizar da nake ji a hannu ta ragu sosai. Ina godiya ga Malam da yaransa bisa haƙurin amsa tambayoyina. Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Mai babur ɗin