Kafin Inna ta kama hanyar Umra

Maraɗi, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Kwatano? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya fara busawa.

Jiya bayan la'asar na leƙa unguwar Zariya gaida Inna, ta ce ka biya mata Umra, kuma ta Istanbul za ta bi. Allah ya ba ka masu yi maka. Sai dai tun da na fito hankalina bai kwanta ba, don sau biyu ina bi ta filin jirgin Istanbul ɗin wajen saro kaya.

Ka tuna fa, kafin ta ga jirgi sai ta yini a bas, fiye da kilomita 600, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso har Yamai, sannan wajen awa shida a sama. Filinmu na Diori Hamani ba ya gajiyar da kowa. Na Istanbul kuwa, wanda aka buɗe a 2018, gari ne guda a ƙarƙashin rufi ɗaya. An jera ƙofofin shiga jirgi da haruffa, daga A har G. Ni da ke da ƙafa lafiya sai da na yi kusan rabin awa ina tafiya kafin in kai tawa.

A nan na ga wata tsohuwa 'yar ƙasarmu zaune bisa jakarta, silifas a hannu, ƙafafu sun kumbura. Duk wanda ya gitta sai ta miƙa masa takardarta, ba mai jin abin da take cewa. Ashe an canza mata ƙofa, an rubuta a allo, ita kuwa ba ta karatun boko. Da na ce mata "Sannu Hajiya", hannuna ta kama gam, ba ta sake ni ba sai a bakin jirginta. Jiya ina kallon gwiwar Inna, matar nan ce ta faɗo mini a rai.

Don Allah ka sa ajans ɗin da ya yanki tikiti ya rubuta mata keken tura marasa ƙarfi, aƙalla awa 48 kafin tashi. Ba a biyan ko dala. Ma'aikaci zai tare ta tun daga bakin jirgi ya kai ta har ƙofar jirgin Jidda. Na san za ta ce ita ba gurguwa ba ce. Wannan ka bar mini, ni zan lallashe ta.

Maganin hawan jininta ya zauna a jakar hannu. A can ana sake bincike, kuma duk abin ruwa da ya wuce mililita 100 karɓewa suke yi, ko da ruwan tofi ne. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, kada ta dogara da na hannunta. Masallaci da wurin alwala kam akwai, har da ɓangaren mata.

Ka aiko mini da ranar tafiyar, ni zan raka ta tasha. A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka