Fayilolin da suka ƙi goguwa a kwamfutata

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Ina bin shirinka na fasahar zamani, kuma na lura ba ka ƙosawa da tambayoyin masu ƙaramin sani irina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ata tace bidiyo ce, ka kuwa san yadda bidiyo ke cinye wuri. Kwamfutata tana kan Windows 11, na koma kanta ne bayan Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Rumbun ajiyarta ya cika maƙil, haka ma tsohon rumbun da na ciro daga kwamfutar da ta mutu mini, wanda nake jonawa ta waje. Da na zauna yin shara, yawancin fayilolin sun tafi salin-alin, amma wasu suka kafe.

Akwai wanda na shawo kansa. Wani bidiyo ne da ake ta ce mini a buɗe yake a wata manhaja, alhali na rufe komai. Task Manager, wato tagar da ke jera manhajojin da ke aiki, bai nuna mini komai ba. Sai da na shiga Resource Monitor, mai nuna manhajar da ke riƙe da fayil, na nemi sunan fayil ɗin, na ga ashe tagar da nake duba fayilolin da ita ce ke riƙe da shi, tana ƙoƙarin nuna ɗan hotonsa a gefe. Ina rufe wannan gefen ya gogu.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsohon rumbun. A cikinsa akwai foldar Windows ta tsohuwar kwamfutar, da ta manhajojin da ke kanta, duk ba su da sauran amfani, sun kuma tare wuri mai yawa. In na danna gogewa sai a ce ina buƙatar izini daga TrustedInstaller, wato asusun da Windows ke kare fayilolinta da shi. Wata foldar kuma, ta takarduna na da, izinin wani asusu take nema wanda ko suna ba shi da shi, sai dogayen lambobi da suka fara da S-1-5-21. Ni ce mai cikakken iko a kwamfutar nan, Malam, amma ga ni tsaye kamar mai gida da aka kulle wa ɗakinsa ana cewa ya nemo izinin tsohon ɗan haya. Abin da na fahimta shi ne NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli a rumbu da shi, yana rubuta wa kowane fayil mai shi, kuma sabuwar kwamfutar ba ta san tsohon asusuna ba. Wani abokin aiki ya rubuto mini umarni guda uku, takeown da icacls da rmdir /s /q, ya ce in buga su a baƙar tagar nan ta umarni, shi ke nan. Hannuna ya kai, na janye. Na ukun nan ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma abin da ya goge ba ya biyawa ta kwandon shara. Tsohon rumbun harafinsa E, na kwamfutar C, dukansu kuma suna da folda mai suna Windows. Harafi ɗaya ne tsakanina da asarar kwamfutar da nake cin abinci da ita. Shin akwai hanyar sauya mai mallakar foldar ta linzami, ina gani da idona, ko dole sai ta umarnin?

Sai kuma wani ɗan fayil da ya fi ba ni haushi duk da ba ya cin wuri, don girmansa sifiri ne. Ina kallonsa a allo, amma da na ce a goge sai a ce ba a same shi ba. Sunansa ma ya ƙi canzuwa. Na tayar da kwamfutar a Safe Mode, inda abubuwan dole kawai ke tashi, bai motsa ba. Da na ƙura ido sai na ga sunan ya ƙare da ɗigo, kuma na ji cewa Windows ba ta jituwa da sunan da ya ƙare da ɗigo ko da fili. Ga shi yana can ƙarƙashin folda cikin folda cikin folda, an kuma ce adireshin fayil in ya wuce haruffa 260 matsala yake kawowa. Wanne ne daga ciki ya kama shi? Ko rumbun ne ya fara lalacewa, in sa masa chkdsk, umarnin duba lafiyar rumbu? In haka ne, in fara kwashe aikina tukuna?

Ƙanena dai shawararsa gajera ce. Ya ce, "Yaya, ki sauke manhajar gogewa da ƙarfi, ko ki yi wa rumbun fomat ki huta." Fomat, wato share rumbun gaba ɗaya, ba zai yiwu yanzu ba, ayyukan mutane na ciki kuma ba ni da wurin juye su. Manhajojin kyautan nan kuwa ban yarda da su ba, don wanda zai goge abin da Windows ta hana a taɓa, sai na damƙa masa ikon kwamfutar gaba ɗaya. Ya ma nuna mini wasu manyan fayiloli biyu a rumbun C, hiberfil.sys da pagefile.sys, ya ce in haɗa da su. Ban taɓa su ba, don na san kwamfutar na aiki da su, amma na farkon, wanda na dogon barcin kwamfuta ne, ya tare gigabait da yawa, ni kuwa kashe kwamfutata nake yi, ba na sa ta dogon barci.

Don Allah Malam, ka yi mini bayanin yadda zan gane fayil ɗin da Windows ke karewa don tana buƙatarsa, da wanda ya maƙale kawai saboda izini ko suna. In kuma umarnin nan ne mafita, ka karanto shi a hankali, harafi bayan harafi, zan tanadi takarda da biro.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taka mai sauraro.