Wasiƙar iyaye: yadda ɗakin karatunmu zai riƙa magana da ɗalibai ta salula

Zuwa ga iyaye maza da mata da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Wasiƙar wannan karon kan ɗakin karatun makaranta take. Littattafai suna nan jere a kanta, amma ɗalibi ba ya neman littafin da bai san da zamansa ba, kuma takardar da ake liƙawa a ƙofa wanda ya riga ya zo ne kawai yake ganin ta. Shi ya sa hukumar makaranta da kwamitin COGES, mai kula da tafiyar da makaranta, suka amince a riƙa isar da labarin ɗakin karatu ta WhatsApp da Facebook. Da yake yawancin yaranmu da wayar uwa ko ta uba ko ta yaya suke shiga intanet, aikin ba zai yiwu ba sai kun san yadda aka tsara shi.

A WhatsApp ba guruf muka buɗe ba, tasha muka buɗe, wadda waya mai Faransanci take kira Chaîne. Dalilin shi ne, a cikin guruf kowa yana ganin lambar kowa, wato duk wanda aka saka ciki zai iya ɗaukar lambar yarinya ƴar aji 4e ya neme ta a gefe. Kuma guruf ɗin da kowa ke iya rubutu a ciki ba ya daɗewa kafin ya cika da barka da Juma'a, tallar atamfa da bidiyon da aka turo daga wani wuri, har saƙon malami ya nutse a ƙasa. A tasha kuwa mai kula da ɗakin karatu da malamai biyu ne kawai suke aikawa, mabiya ba sa ganin lambobin juna, abin da za su iya shi ne karantawa, nuna alama, da jefa ƙuri'a idan an yi tambaya. Ita ma tasha tana da nata lahani. A buɗe take, kowa yana iya binta ko da ba ɗan makarantar nan ba ne, don haka ba za mu taɓa saka sunan yaro, hotonsa ko sakamakonsa a ciki ba. Saƙonninta kwana 30 suke yi kafin su ɓace. Sannan a kashe ƙararrawarta take zuwa, sai kun taɓa alamar ƙararrawa da ke sama kafin wayar ta riƙa sanar da ku sabon saƙo. Mutane da dama a nan suke tuntuɓe, su ce sun bi tasha amma ba sa ganin komai.

Saƙo uku ne a mako, kuma duk kafin sallar magariba. Ranar Litinin hoton bangon littafi ɗaya, da layi uku na abin da ya ƙunsa, da ajin da ya dace da shi, da lambarsa ta kanta. Ranar Laraba tambaya ɗaya daga darasin da ake ciki, wadda amsarta take cikin wani littafi na ɗakin karatu. Ba ma ba da amsar, shafin da take kawai muke faɗa. Ranar Juma'a ƙuri'a, misali wane fanni ne za a ƙaro wa littattafai, ko wace sa'a ta fi dacewa a buɗe ranar Asabar. Kowane saƙo zai zo a rubuce da Faransanci, sai kuma murya da Hausa wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, domin uwar da ba ta yi boko ba ta ji da kunnenta abin da ake aiko wa ɗanta a wayarta.

Lambar kanta ɗin nan ita muka fi so ku riƙa tambayar yaranku. Littattafanmu an jera su bisa tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876, kuma ɗakunan karatu da yawa a duniya suna aiki da shi. Ilimi an kasa shi gida goma. Gidan 500 na kimiyya ne: 510 lissafi, 530 fizik, 540 shimi, 570 ilimin halittu masu rai. Gidan 800 na adabi ne, 900 na tarihi da labarin ƙasa, tarihin Afirka yana 960. Ɗan tarminal D da ya ga 570 a saƙon Litinin ya san kantar da zai nufa ba tare da ya tambayi kowa ba. Wanda ya saba da wannan tun yanzu, ranar da ya shiga Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ba zai tsaya yana kallon kantoci kamar baƙo a kasuwa ba.

Ga yadda aro yake. Ɗalibi ya aika lambar littafin, da sunansa da ajinsa, zuwa lambar wayar ɗakin karatu da ke jikin takardar da muka haɗo da wannan wasiƙa. Za a ajiye masa littafin kwana biyu. In bai zo ba, a mayar da shi kanta. Littafi biyu ake ara a lokaci ɗaya, na kwana 14, a sabunta sau ɗaya in babu mai jira. Ƙamus da kundin tsofaffin jarrabawar BEPC da BAC ba sa fita, a ciki ake duba su. Tunin mayar da littafi a keɓe yake zuwa ga lambar da kuka ba mu, kwana biyu kafin wa'adi.

Akwai abin da iyaye da ɗalibai suke yawan roƙo wanda ba za mu yi ba: ɗaukar hoton littafi dukansa a tura shi ta waya. Littafi yana da mai shi, kuma haƙƙin marubuci doka ce ta kare shi, har da ofishin BNDA da ke kula da hakan a ƙasarmu. Ga kuma nauyi. Hoto ɗaya da WhatsApp ya matse, ko murya ta minti ɗaya, ba ya kai rabin mega, amma littafin da aka ɗauki hoton shafukansa yana iya cinye gomman mega, ya cika ƙaramar waya, a ƙarshe kuma rubutun ya yi ƙanƙanta yaro ya kasa karantawa. Saboda wannan dalilin ne ma ba ma saka bidiyo. TikTok kuwa mun bar shi gaba ɗaya, don wanda ya shiga da niyyar ganin saƙo ɗaya, bidiyo na biye da shi ne zai ja shi, littafi na can yana jira.

Shafin Facebook na manya ne: tsofaffin ɗalibai, ƴan uwa da ke zaune a Abijan ko Libiya ko Kano, da duk mai son ba da kyautar littafi. Can za mu riƙa saka jerin littattafan da ake buƙata. Hoton kanta da littafi za ku gani, ba fuskar yara ba.

Abin da muke roƙo daga gare ku a cikin wayar, minti biyar ya isa. Ku buɗe WhatsApp ku shiga Paramètres, ku taɓa Stockage et données, ku kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, don kada megarku ta ƙare ba da saninku ba. A Confidentialité, ƙarƙashin Groupes, ku zaɓi Mes contacts, yadda wanda ba ku ajiye lambarsa ba ba zai iya jefa ku cikin guruf ba. A Compte kuma ku kunna Vérification en deux étapes, ku zaɓi lambobi shida da ku kaɗai kuka sani. Ga dalilin na ƙarshen nan. Ɓarawon asusu yakan saka lambarku a wayarsa, WhatsApp ya aiko muku da lambobi shida ta SMS, sai ya kira ku da murya mai ladabi ya ce daga makaranta ne, ku karanto masa. Da zarar kun karanta, asusun ya koma hannunsa, ya shiga roƙon kuɗi da sunanku. Amma in kun kunna wannan kariya, WhatsApp zai ƙara tambayarsa lambobi shidan da kuka zaɓa, waɗanda bai sani ba. Makaranta ba za ta taɓa neman waɗannan lambobi ba, kuma ba ta karɓar ko dala ta wannan hanya.

Haka nan idan jarrabawa ta matso, daga watan Mayu zuwa sama, takardu sukan riƙa yawo a waya ana cewa su ne za su fito a BAC, wani lokaci har da tambarin makaranta a manne. Abin da bai fito a tasharmu ba, ba namu ba ne, kuma yaron da aka kama da irin wannan takarda ko da waya a ɗakin jarrabawa yana iya asarar shekararsa.

Dokar WhatsApp da ta Facebook ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu, don haka ƴan 6e da yawancin ƴan 5e ta wayarku za su bi. Dokar hana shigowa aji da salula tana nan yadda take. Kuma kada wani ya ci bashi ya sayi waya saboda wannan wasiƙa: duk saƙon da ya fita, a ranar za a kwafe shi a allon ƙofar ɗakin karatu, shugaban kowane aji ya karanta shi da safe, kuma ajiye littafi da baki daidai yake da ajiye shi ta waya. Ranar da babu rezo ko babu kuran ma, allon ne abin dogaro.

A ƙarshen kowane zango za mu duba rajistar aro aji-aji, mu kawo muku abin da muka gani a taron iyaye, don yawan mabiya tasha ba ya nuna ko an karanta littafi. Takardar amincewa da ke haɗe ku rubuta lambar da kuke so a riƙa aiko wa tuni, ku sa hannu ko ku dangwala, yaro ya kawo wa malamin ajinsa kafin Juma'a mai zuwa.

Mun gode, Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Hukumar makaranta da kwamitin ɗakin karatu
Tawa