Rahoton shekara ga membobi: aikinmu kan kufai da kayan tarihi

Assalamu alaikum iyayenmu da ke cikin ƙungiya, 'yan uwa membobi, da ƙannenmu ɗalibai. Ga rahoton abin da muka yi a shekarar nan da ta ƙare, ni sakatare na rubuta, kwamiti ya duba ya amince. Lissafin kuɗi baya ciki, ma'aji ne zai karanta shi da bakinsa ranar babban mitin, kowa ya zo da tambayarsa.

Bari in fara da maganar kufan nan, don ita ta fi cin mana lokaci kuma ita ta fi faranta min rai. Farkon damina wani manomi yana huɗa sai garma ta ci karo da bakin randa, ya ɗan tona da hannu ya ga tsingaro birjik ga kuma kashin tama baƙi ƙirin mai ramuka-ramuka, sai bawan Allahn nan ya tsaya cak, ya mayar da ƙasa yadda take, ya turo ɗansa ya neme mu. Ashe manomin yana cikin waɗanda suka zauna a faɗakarwar da muka yi bara a ƙofar gidan mai unguwarsu. Da muka je bamu tona komai ba. Mun gaida mai unguwa tukuna, muka ɗauki hotuna da rula a gefen kowane abu don a san girmansa, muka ɗauki lambar wurin a waya, ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya zana taswirar gonar da hannu, sannan muka rubuta rahoto zuwa ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Wasu membobi sun ji haushi, wai mun je har can mun dawo hannu rabbana ko tsingaro ɗaya bamu ɗauko ba. To 'yan uwa dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana tono ba da izini ba, wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci a wajena, ƙasa hawa-hawa take, abin da ke ƙasa ya girmi na sama, kuma ɗan gawayin da ke maƙale a gindin tukunya da shi ake auna shekarunta a ɗakin gwaji. In ka ciro tukunyar ka kakkaɓe ta ka kai gida, tukunya kawai ka samu, wa ya yi ta, yaushe, me aka dafa a ciki, duk ka barsu a rami ka tattake.

Kullum in muna faɗakarwa da kwalekwalen Dufuna nake misali. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da itace, labari ya kai ga masana, a 1994 Jami'ar Maiduguri da masana daga Frankfurt ta Jamus suka fito da shi a tsanake, tsawonsa ya haura mita 8, da aka auna ya kai wajen shekara 8,000, babu jirgin ruwa da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa. Da a ce an faskara shi an yi makamashi fa? Sai kuma a dubi Nok, wani ƙauye a jihar Kaduna ta yanzu. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu, wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya bi diddigi har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, amma daga baya dillalai suka shigo suka sa talakawa tonon dare, kaya suka yi ta fita Turai ba a san ramin da suka fito ba, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta saka su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari, haɗe da na Katsina da Sakkwato. Sai da masanan Frankfurt suka fara tono mai tsari daga 2005 sannan aka gane al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin miladiyya. Wuraren da ɓarayi suka riga su kuwa sai ramuka suka tarar.

Ziyara ɗaya kacal muka samu yi bana, Birnin Kudu, zanen duwatsu. Wanda bai je ba wallahi ya yi asara. A ƙarƙashin inuwar dutse ga shanu an zana da jan launi, ƙahonsu zar, amma ka duba bayansu babu tozo, ba irin shanun da muka saba gani yanzu ba. Wani ƙaninmu ya tsaya yana ta kallo ya ce “Yaya, kenan shanun ma sun canza?” Wannan tambayar kaɗai ta biya mu wahalar tafiyar. Ga kuma duwatsun da in ka buga da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa, wajen bugun har ya lotsa saboda daɗewa. Abu ɗaya ya ɓata min rai, wani cikinmu ya ɗauko ruwan gora zai yayyafa wa zanen wai don ya fito raɗau a hoto, Allah ya sa aka riƙe hannunsa. Ruwa yana cin launin, hannu ma haka. Daga yanzu kafin kowace tafiya sai an karanta ƙa'idoji a mota. Tafiyar Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, mun ɗage ta saboda halin tsaro a hanya.

Aikin ɗaukar muryar dattawa ya ci gaba amma a hankali, kuma nan muka yi babban rashi. Akwai Baban da muka zauna da shi sau ɗaya, ya lissafa mana sunayen ƙofofin tsohon garinsu da rijiyoyi da inda marina take da inda maƙera ke narka tama, yana zanawa da sanda a ƙasa, yamma ta yi ya ce mu dawo zai ƙarasa mana labarin ƙaurar. Muka yi ta jan ƙafa. Da muka koma an riga an yi sadakar bakwai. Allah ya jiƙansa da rahama. Kaset ɗin da ke hannunmu mun kwafa mun kai wa iyalansa, kuma mun tsayar cewa duk dattijon da aka fara da shi, a koma cikin sati biyu ko da mutum ɗaya ne da waya.

A wannan aikin mun shiga garuruwan da ba Hausawa ba, mutanen da kakanninsu ke zaune gindin duwatsun nan tun kafin a san sunan jiha ko lardi. A wani wuri dattawa suka nuna mana dutse daga nesa suka ce nan ba a hawa ba a ɗaukar hoto, muka mayar da wayoyi aljihu, kuma ba za ku ga sunan wurin a wannan rahoton ba don haka suka nema. Tarihinsu ne, su ke da ta cewa. Haka abin da suka faɗa da harshensu mun bar shi da harshensu, fassara a gefe, 'ya'yansu ne suka taya mu.

Na san an yi ta muhawara a guruf kan mutum-mutumi, wasu na ganin gumaka ne me ya haɗa mu da su. Ra'ayina dai shaida ce, da ita ake sanin mutanen da suka riga mu sun iya gini da ƙira da ado, babu mai bauta musu a cikinmu, kuma in muka fasa ko muka bari aka sayar, wasu ne za su rubuta mana tarihin yadda suka ga dama.

Ganuwa kam babu labari mai daɗi. Wadda muke sa wa ido masu ɗibar ƙasa sun ƙara cin wani ɓangare, bola ta cika gindin wani, mun rubuta wasiƙa zuwa wani ofishi har sau biyu shiru. Ko ta Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 kowa na ganin yadda gine-gine ke cinye ta, balle ƙananan da ba wanda ya san da su. Hotunan da muke ɗauka daga wuri ɗaya duk wata uku mun ci gaba da su, aƙalla akwai hujja a hannu.

Abin da muke buƙata yanzu mutane ne masu haƙurin zama su saurari rikodin su rubuta shi kalma-kalma, sun taru da yawa, mai sha'awa ya ba ni sunansa kafin mitin. Kuma don Allah duk wanda aka kira shi kan wani abu da aka tsinta, kar ya saka hoto da sunan wurin a Facebook ko WhatsApp, dillalai na bibiya. Ya kira ciyaman ko ni tukuna.

Sakatare, a madadin kwamiti